Rantsuwar Muntari da Kwalaben Barira

"To ni abin da ban gane ba ke nan," in ji Muntari, ya dire kofin shayi har ya fantsalo a kan tire. "Takalman nan na ƙanin Dogo maƙwabcina ne. Duk kasuwar Umdurman an san na ƙaninsa ne. Dogo dai ya ba shi gefen shago ya jera, ko sisi bai ci ba. Amma mutanen haraji suka ce sam, duk abin da aka sayar a ƙarƙashin rufin shago na shagon ne. Suka lafta masa tara, suka garƙame masa ƙofa. Yanzu wannan adalci ne, Barira?"

Barira tana tsugune gaban murhu tana shafa ƙullin kisra, wainar dawa ta Sudan, a kasko. Ta ce, "Allah ya kyauta."

"Ni kam alhamdu lillahi na fita. Da suka zo kaina na lissafa musu tsaf. Barkono, citta, kanumfari, karkade, har tafarnuwa. Na ce wallahi tallahi abin da ke shigowa shagon nan ke nan, babu ƙari. Har yatsa na ɗaga sama."

"Su suka ce ka rantse, Malam?"

"A'a, ni na ga dama. Tsoron me zan ji?"

Kisrar nan ta ƙone ƙurmus, Barira na kallonta ba ta gani ba.

Ga yadda abin yake. A shagon Muntari, hannun hagu in ka shiga, akwai wata 'yar kanta. Ta Barira ce. Humra take jerawa a kai, da dilka ta gyaran jiki, da turaren wuta, duk ita ke haɗawa a gida da hannunta. Amaren Umdurman na saya. 'Yan Kano da 'yan Maiduguri masu zuwa karatu ko asibiti, in za su koma jaka-jaka suke kwasa. Ciniki kuwa a waya ake yi da ita, kuɗin ma ta waya ake turo mata. Shi Muntari nasa miƙa ƙunshi, yana mita wai barkononsa ya koma ƙamshin amarya. In mace ta nuna masa waya don ya ga ta biya, kau da kai yake yi. Tun suna gonar auduga a Jazira mahaifinsa ya ja masa kunne, namiji ba ya leƙa asusun matarsa. Ya riƙe wannan kamar alwala. A ransa kwalbar humra ba ta wuce kuɗin kwanon ful, dafaffen waken nan, ba, abin da Barira ke samu kuma na sabulu ne da lalle.

Ita kuwa ba ta taɓa gyara masa ba. Ba don ba ta ƙaunarsa ba, don ta san kayanta ne. Muntari mutumin kirki ne, amma hannunsa ba ya rufuwa. Ka ce masa "ya Hajj" sau biyu kana murmushi, hularsa ma sai ya cire ya ba ka. Kuɗin firiji ma da suka taɓa tarawa, wani mai daɗin baki ya bi shi har gida da labarin mahaifiyarsa na asibiti ya karɓe su, har yau da tulu suke sanyaya ruwa. To ita Barira tarin kujerar Makka take yi. Kakarta ta baro ƙasar Hausa a ƙasa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare a Jazira, a can aka binne ta. Barira ta ɗauki alkawari ita sai ta ƙarasa. Ta kuma san ranar da Muntari ya ji nauyin asusun nan, ranar rabin unguwa za su ji.

Da ta ta da sallar magariba sai ta rasa raka'a nawa ta yi, sai da ta yi sujadar mantuwa. Ba harajin gwamnati ya tsaya mata a rai ba. Zakkarta tana fitarwa duk azumi, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Abin da ya hana ta sakat shi ne sunan Allah da mijinta ya ɗora a kan maganar da ba haka take ba. Shi bai sani ba, ba za a kama shi da laifi ba. Ita fa? Da kunnenta ta ji. Kwalabenta a ƙarƙashin rufin nan suke, kamar dai takalman ƙanin Dogo. Da wane ido za ta tsaya gaban Ka'aba da kuɗin da aka rantse babu su? In kuma aka gano, shagon Malam za a garƙame, ba kantarta kaɗai ba.

Da safe ta ajiye masa shayi da madara ta zauna.

"Malam, rantsuwar nan taka akwai gyara."

"Gyaran me?"

"Kayana fa a shagonka ake sayarwa."

Muntari ya yi dariya har ya ƙware. "Waɗannan 'yan kwalaben? Haba Barira. Ai in na je na faɗa musu dariya za su yi mini."

"Su yi. Ka ce wallahi babu ƙari, alhali akwai ƙari. Ko ƙwaya ɗaya ce ai ƙari ce. Ni ba zan kwana da wannan ba."

Ya dube ta, abin ya burge shi. Ya ce, "Kai, Allah ya ba ni mace mai tsoronsa. To mu je, in dai hankalinki zai kwanta. Abin da suka yanka ni zan biya, kar ki taɓa kuɗin sabulunki."

"A'a, kayana ne, ni zan biya."

"To shi ke nan. Ina tabarauna?"

Aka nemi tabarau sama da ƙasa. Aka ɗaga katifa, aka zazzage aljihun jallabiya, aka leƙa bayan rediyo. Barira ma ta taya nema sosai, har da salati. Wuri ɗaya ne ba a duba ba, cikin buhun dawa, don ita ta tsaya a gabansa. Muntari ba tabarau, rubutu a wurinsa tururuwa ne kawai ke tafiya a takarda. Haka ya haƙura suka fita.

A ofishin haraji na kasuwa aka ce musu wanda aka riga aka rufe masa lissafin shekara, gyara sai babban ofishi a Khartoum. Suka hau bas. A kan gada cunkoso ya tsayar da su, rana na dukan kwanon motar, Muntari ya samu wani dattijo a gefensa ya shiga ba shi labari da Larabci, wai shi da ƙafarsa zai je ya ce a ƙara masa haraji. Dattijon ya dube shi daga hula har takalmi ya ce Allah ya ba shi lafiya. Barira ta ja laffayarta ta rufe baki.

Teburin da aka tura su na wata mata ce, fara tas da laffayar ma'aikata, sunanta Sittana. Fanka na juyawa a sama ba iska, kofin shayinta a gefe. Muntari ya yi sallama ya gyara tsayuwa.

"Ya ustaza, mun zo ne a ƙara mana haraji."

Sittana ta ɗago kai a hankali. "A rage dai?"

"A ƙara."

Ta juya ta kira na teburin baya. "Mahadi, zo ka ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara aikin nan." Mahadi ya leƙo ya ce ko zafin rana ne ya taɓa bawan Allah, a ba shi ruwa. Muntari ya yi bayani yana murmushi, 'yan kwalabe ne na uwargida, ba wani abu ba ne, amma dai gidansu ba a wasa da rantsuwa.

Sittana ta jawo takarda. "To ya hajja, nawa kike samu a shekara?"

Nan fa. Barira ta dubi Muntari, ga shi tsaye ƙiƙam a kanta, kunnuwa a buɗe. Tabarau ta ɓoye, kunne kuwa ba ya shiga buhun dawa. Ta ce da Hausa, "Malam, ba a ce sai da kwafin katinka ba? Na ga mai na'ura a bakin ƙofa."

"An ce haka?"

"Ai kullum sai sun ce. Je ka yi kafin layi ya yi tsawo. Ka haɗa da ruwan sanyi, maƙogwarona ya bushe."

Yana ba da baya ta zaro waya daga cikin laffaya, ta buɗe wurin kuɗin da ke shigowa, ta tura wa Sittana a kan tebur. Sittana ta fara jan yatsa tana kallo. Ta ja, ta ja, ta ja. Ta ajiye alƙalami. Ta sake ja.

"Ya hajja, wannan ne 'yan kwalaben?"

"Su ne."

"Ai mijinki ne ke zaune a gefen shagonki, ba ke kike a gefen nasa ba."

"Rufa mini asiri, 'yar'uwa, yi a hankali." Barira ta matso har goshinsu na neman haɗuwa. "Abin da doka ta ce zan biya, ba na neman ragin ko fam ɗaya. Abu guda nake roƙo, kar mutumin nan ya ji adadin. Ba mugu ba ne wallahi. Amma in ya ji, kafin Juma'a ya raba wa mabukatan Umdurman, na gaske da na ƙarya."

Sittana ta turo mata wayarta. Can ta ce, "Nawa mijin, har yau bai san an ƙara mana kuɗin mota ba." Suka tuntsire da dariya su biyu, har Mahadi ya sake leƙowa.

"Amma fa shagon da sunansa yake," in ji Sittana. "Shi zai sa hannu, a kan takardar da adadin ke rubuce."

"Ba ya gani yau."

"Me ya same shi?"

"Tabaransa ya ɓata."

Sittana ta dube ta ta wutsiyar ido. "Allah ya bayyana shi."

"Amin. Gobe in sha Allahu."

Aka buga lissafi. Sittana ta juyo mata da takardar. Ga cikon harajin, ga tara a kai. Sittana ta ce tarar ma an sassauta ne don da ƙafarsu suka zo, da kama su aka yi da ta ninka, ga rufe shago. Barira ta yi lissafinta a zuci ta ga bana kam ba ita ba Makka, sai dai baɗi in da rai. Ta yi innalillahi a hankali, ta danna waya ta biya. Amma tana gama dannawa ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, kamar ta sauke tulu daga ka.

Muntari ya dawo da kwafin kati da ruwan leda, yana gumi. Sittana ta karɓi kwafin ta ajiye gefe ko kallo ba ta yi ba. Ta miƙa masa takarda, ta ɗora kofin shayinta daidai kan lambar, ko da Allah zai buɗe masa ido. Ta kama masa yatsa ta nuna wurin sa hannu.

"Nawa suka yanka miki?" ya tambayi Barira, sai kuma ya kama bakinsa. "A'a, astagfirullah, kar ki faɗa. Ba huruminna ba ne."

"Allah ya yi maka albarka, Malam."

Za su fita Sittana ta riƙo gefen laffayarta ta ce ƙanwarta za ta yi aure bayan salla, tana son humra mai kyau. Barira ta ce, "Saya za ki yi, kuɗinta cif. Kuma baɗi zan faɗa muku na sayar miki." Sittana ta ce tamam, ta yarda.

Washegari tabarau ya bayyana a kan taga, da ɗan garin dawa a jikinsa. Muntari ya goge ya ce lallai tsufa ya zo masa.

Da a nan abin ya tsaya, da Barira ta ci riba biyu. To amma akwai takardar shaida da suka ba su, wadda ake liƙawa a shago don masu zagaye su ga an biya. Babu adadi a jikinta, Barira ta sa 'yarta Tasnim ta karanta mata tun a gida, ta tabbatar. Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne layin da ke cewa an ɗaga shagon daga sahun ƙananan 'yan kasuwa zuwa na matsakaita. Muntari ya kai aka sa wa takardar gilashi, ya rataye ta a saman buhunan barkono.

Dogo ne ya fara gani. An buɗe masa shago bayan ya biya tararsa, ya shigo gaisuwa, ya ɗaga kai ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Muntari! Ashe haka kake? Kana zaune cikinmu da tsohuwar jallabiya, muna raba kwanon ful ɗaya da kai, ashe matsakaici ne kai?"

Kafin la'asar labari ya gama layin kayan yaji, ya shiga layin teloli, ya fita ta wajen maƙera. Aka ce Muntari attajiri ne mai ɓoye kansa. Aka ce tsoron Allahnsa ya kai da ƙafarsa ya tsallaka gada ya ce a ƙara masa haraji. Mai shayin bakin layi ta fara kawo masa a kofin gilashi mai zanen zinare. Masu dako suka koma ce masa ya Hajj. A masallacin unguwa aka matsa masa wuri a sahun gaba, daidai bayan liman.

Shi kuwa ya san sarai barkono bai kai shi wannan sahun ba. Amma wa zai buɗe baki a tsakiyar kasuwa ya ce matata ce? Sai ya riƙa shafa gemu yana cewa, "Rufin asirin Allah ne kawai." Ya kuma sayi sabon rawani.

Barira na jin duk wannan daga bakin mata masu zuwa sayen dilka. Ta ce a ranta to, ya sha kirarinsa, in dai bai san adadin ba. Sai ranar nan Tasnim ta dawo daga shagon ta ce, "Inna, yau na ji Baba na tambayar Baffa Dogo, wai daga nawa ake shiga sahun matsakaita."

"Dogon ya faɗa masa?"

"Ya faɗa. Sai Baba ya ɗauki fensir ya yi ta rubutu a jikin kwalin shayi. Ya rubuta wata lamba, ya cire wata. Sai ya zauna a kan buhun citta yana ta kallon kantarki. Da wata ta zo karɓar humra kuwa, da hannu biyu ya miƙa mata."

Barira ta ajiye taɓarya. Asusun bai leƙa ba, ya kiyaye maganar mahaifinsa. Lissafin ɗebewa kawai ya yi.

Tun daga ranar mitar ƙamshin amarya ta ƙare. Da kansa yake goge kwalaben da safe. Ya matsar da buhun tafarnuwa nesa da kantar, ya ƙara mata katako ɗaya. Suna cin abinci suna kallon kwano.

Ranar Juma'a tana tsakar gida tana tace man sandal ta ji lasifikar masallaci bayan an sallame. Shugaban kwamiti ne ke magana a kan wutar da ake ɗaukewa kullum, tsofaffi na sallar azahar cikin zafi kamar tanda, ana neman a sa faifan hasken rana a rufin masallaci. Aka fara kiran sunaye, kowa na faɗin abin da zai iya. Can ta ji an ce, "Ina Hajj Muntari, mutumin da ya bi gwamnati da kuɗi har ofishinta?" Aka yi dariya. Daga nan sai kabbara ta tashi, irin wadda ba a yi wa mai ba da kaɗan.

Barira ta rufe kwalbar sandal ta ɗaure bakinta tamau. Ta shiga ɗaki ta ɗauki wayarta ta cusa cikin buhun dawa.

Bai dawo da wuri ba. Da ya shigo kuwa da leda biyu ya shigo, soyayyen kifin bakin kogi a ɗaya, basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, a ɗaya, wadda rabon da ya sayo mata tun Tasnim na goye. Ya shimfiɗa tabarma da kansa. Ya ce Tasnim ta je gidan maƙwabta ta gaishe su. Ya zauna ya cire rawani ya ajiye, ya sake ɗauka ya riƙe.

"Hajja Barira."

"Ban je ba tukuna, Malam."

"Za ki je, in sha Allahu za ki je. Ci kifi." Ya cire mata ƙaya ya tura gabanta. "Kin san ni ban taɓa tambayarki abin da ke asusunki ba."

"Ba ka taɓa ba."

"Yanzu ma ba tambaya zan yi ba, Allah ya tsare ni. Sai dai mutanen nan sun kira sunana a lasifika. Ga liman na kallona, ga Dogo a gefena yana zungurina. Bakina ne ya suɓuce na ce batiran duka a kaina. Har na ɗaga yatsa."

Barira ta tsaya da lomar kifi a hannu. "Ka rantse?"

Ya sunkuyar da kai yana murza rawani. "Ba su ce in rantse ba."

Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta. Ya ɗago a hankali, ya dubi ƙofar ɗaki, ya dubi buhun dawa, ya dawo da ido kanta.

"Rance nake nufi fa, Hajja, ba kyauta ba. Ki taimaka ki fitar da ni daga wannan rantsuwar ma, kamar yadda kika fitar da ni daga waccan?"